Jorj Washinton: Sojan da ya Mayar da Takobi Kube

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari za mu dubi rayuwar Jorj Washinton, shugaban Amurka na farko, ta fuskar tambaya guda: me ya sa jagoran soja da ya ci yaƙi bai riƙe mulki ba? A ganinmu, sakin iko da ya yi har sau biyu ya fi duk wani fagen daga da ya shiga nauyi a tarihi.

2. Daga awon fili zuwa yaƙi

An haifi Washinton ranar 22 ga Fabrairu 1732 a Birjiniya, lokacin tana ƙarƙashin Ingila. Mahaifinsa ya rasu yana da shekara 11, karatunsa bai yi nisa ba, ya kama aikin awon fili. Faransawa ne abokan gabarsa na farko. A Mayu 1754, a gardamar mallakar kwarin Ohayo, rundunarsa ta kashe hafsan Faransa Jumonville. A Yuli Faransawa suka ritsa shi, ya sa hannu a takardar miƙa wuya da aka rubuta da faransanci, harshen da bai iya ba, alhali a cikinta an kira wannan kisa na gilla.

A Yuni 1775 majalisar yankuna 13 masu tawaye wa Ingila ta naɗa shi babban kwamanda. Ya sha kashi a Niyok a 1776, kuma a hunturun 1777-1778 mutanensa wajen 2000 suka mutu a sansanin Valley Forge, galibi saboda cuta. Gwanintarsa ita ce hana rundunar watsewa har taimako ya iso. Faransa, abokiyar gabar jiya, ta ƙulla ƙawance da ƴan tawaye a 1778. Da sojan Rochambeau da jiragen ruwan de Grasse aka tilasta wa Cornwallis ajiye makamai a Yorktown ranar 19 ga Oktoba 1781.

3. Sakin iko

Bayan nasara ne jarrabawa ta zo. Majalisa ba ta da ikon karɓar haraji, sojoji kuwa sun daɗe ba albashi. A Mayu 1782 Kanar Lewis Nicola ya rubuto masa yana ba da shawarar a kafa sarauta. Ya tsawata masa. A Maris 1783, a sansanin Newburgh, wasu hafsoshi suka yi shirin bijire wa majalisa. Ya shiga taronsu ba zato, ya yi jawabi, ya ciro tabarau don karanta wata wasiƙa, yana ba su haƙuri cewa hidimar ƙasa ta sa masa furfura, ta kuma ci idonsa. Jikin hafsoshin ya yi sanyi, shirin ya wargaje. Ranar 23 ga Disamba 1783, a Annapolis, ya mayar wa majalisa da takardar naɗinsa, ya koma gonarsa ta Mount Vernon.

Ya jagoranci taron tsara kundin mulki a Filadelfiya a 1787, ya yi rantsuwar shugabanci ranar 30 ga Afrilu 1789. Kundin bai iyakance yawan wa'adi ba, amma bayan wa'adi biyu ya ƙi sake tsayawa, ya miƙa mulki ga Jon Adams a Maris 1797. Dalilansa ba na aƙida kaɗai ba ne: ya gaji, jaridun adawa sun dame shi, kuma mutum ne mai tsananin kishin sunansa. Duk da haka al'adar ta ɗore har Rusbelt ya karya ta a 1940, aka mayar da ita doka a 1951.

4. Inda sakin ya tsaya

Kada mu manta da waɗanda wannan ƴanci bai shafa ba. A 1779 ya tura rundunar da ta ƙone garuruwa wajen 40 na Irokwa, ƴan asalin ƙasar. A 1793 ya sa hannu a dokar kamo bayin da suka gudu, kuma da baiwar matarsa, Ona Judge, ta tsere a 1796, ya sa aka bi sawunta. A shekarar rasuwarsa, 1799, bayi 317 ne a Mount Vernon, 123 daga ciki nasa ne. Ya yi wasiyya a ƴanta nasa bayan rasuwar matarsa; ita ta sallame su a Janairu 1801. Sauran, galibinsu na gadon mijinta na fari, suka ci gaba da bauta.

5. Kammalawa

Mun ga mutumin da ya saki runduna, ya saki kujerar mulki yana da rai da ƙarfinsa, amma bai saki bayinsa ba sai da ya shiga kabari. Wajibi ne mai nazari ya riƙe waɗannan biyu tare. Ƙa'idar da ya kafa, cewa soja na ƙarƙashin farar hula, ta zauna tun a zamaninsa. Bauta kuwa sai da aka yi yaƙin basasa kafin a soke ta a 1865, shekara 66 bayan rasuwarsa.