Kuɗin Najeriya: Jagora ga Baƙo a Kafanchan

Naira ce kuɗin Najeriya tun 1 ga Janairun 1973, lokacin da ta maye gurbin fam. Kwabo ɗari ne ke yin naira ɗaya, kuma Babban Bankin Najeriya ke fitar da ita.

Takardun kuɗi takwas ne. Na ₦5, ₦10, ₦20 da ₦50 na leda ne. Ta ₦20, wadda ake kira "Murtala", tana ɗauke da hoton Janar Murtala Muhammed, a bayanta kuma Ladi Kwali, fitacciyar maginiyar tukwane. Ana kiran ₦50 "Wazobiya". Awolowo ne a kan ₦100, Sardauna Ahmadu Bello a ₦200, Azikiwe a ₦500, sai Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong a ₦1000. An sabunta manyan ukun a 2022, amma tsoffin na ci gaba da aiki.

Sulallan kwabo 50, ₦1 da ₦2 halattattu ne a doka, sai dai da wuya a gan su a kasuwar Kafanchan. Canji yana wuya wajen masu acaba da 'yan tireda, don haka ya kamata baƙo ya tanadi ƙananan takardu. Dillalan citta kan karɓi tiransifa, masu POS kuma suna ba da kuɗi hannu bayan sun cire ladansu.