Zama cikin biro na ƙungiyar naƙasassu: abin da ya kamata a sani kafin a karɓi kujera

Biro, wanda wasu ke kira kwamitin zartarwa, shi ne ƴan mutanen da membobin ƙungiya suka zaɓa don su riƙe mata aiki daga wannan babban taro zuwa na gaba. A nan Garagumsa, cikin gundumar Takeita, batun ya shafi gidaje da yawa. Da wuya ka zaga gari ba ka tarar da wanda shan inna ya taɓa wa ƙafa ba, ko tsohuwar da ciwon ido ya makantar, ko yaron da sanƙarau ya ɗauke wa ji, balle matasan da haɗarin babur ya karya. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna kashi 4,2 cikin ɗari na ƴan Nijar suna da wata naƙasa, wato mutum sama da dubu 700.

Kafin zuwan takarda

Naƙasassu a ƙasar Hausa sun daɗe da shugabanci nasu. Akwai Sarkin Makafi, Sarkin Guragu, Sarkin Kutare, kowa da mutanensa. Shi ke sasanta rigima, shi ke karɓar sadaka ko zakka ya raba, shi ke kai kuka fada. A birnin Damagaram an ma taɓa ware unguwa guda, Kara-Kara, inda aka tsugunar da masu fama da kuturta. Wannan tsari yana nan har yau, kuma mutane na girmama shi.

Sai dai kujerar biro wata aba ce dabam. Sarauta naɗawa ake yi, galibi har ƙarshen rai, kuma ba a cika tsayar da sarki gaban jama'a a ce ya kawo lissafi ba. Ɗan biro kuwa zaɓarsa ake yi, wa'adinsa a rubuce yake, kuma ranar babban taro dole ya faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita. Rikicin ƙungiyoyi da dama daga nan yake tasowa: mutum ya hau kujerar zaɓe ya riƙe ta kamar rawani. Ƙungiya mai dabara takan ba sarki matsayin uban ƙungiya, a nemi shawararsa, amma asusu da hatimi su tsaya hannun zaɓaɓɓu.

Abin da doka ta ce

Dokar da ke tafiyar da ƙungiyoyi a Nijar ita ce mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris 1984. Ƙungiya kan kai wa hukuma dokokinta a rubuce, da rahoton taron da aka kafa ta, da sunayen shugabanninta, sannan ma'aikatar cikin gida ta ba da izini. Ke nan duk wanda ya yarda aka sa sunansa cikin biro, sunan nan yana hannun hukuma. In an nemi bayani, shi za a kira.

Ta ɓangaren haƙƙin naƙasassu kuma, an yi doka mai lamba 93-012 ta 2 ga Maris 1993, wadda ta ce ma'aikatar da ke da ma'aikata 20 ko fiye ta keɓe musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, kuma a Disamba 2019 aka ƙara da doka mai lamba 2019-62 kan shigar da su cikin harkokin al'umma. Yarjejeniyar ta wajabta wa hukumomi su tuntuɓi naƙasassu ta hanyar ƙungiyoyinsu kafin a yanke abin da ya shafe su. Ɗan biro da bai san wannan ba, roƙo zai je yi ofis. Wanda ya sani, haƙƙi zai je nema, kuma tarbar da ake yi wa biyun ba ɗaya ba ce.

A matakin ƙasa akwai tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu, FNPH, da aka kafa a 1997. Ƙarƙashinta akwai ta makafi, UNAN, da ta kurame, ASN, da ta guragu, ANHL, da wasu. Ƙaramar ƙungiya ta ƙauye tana ƙara ƙarfi in ta jingina da reshensu na jaha a Zinder, wanda ke da tafiyar kimanin kilomita 50 daga Takeita.

Kujeru da nauyinsu

Shugaba shi ke kiran taro, shi ke magana da sunan ƙungiya gaban farefe ko ma'aikatar magajin gari. Magatakarda yana riƙe rajistar membobi da rahoton kowane zama. Ma'aji yana riƙe littafin kuɗi da rasit. Sai masu binciken kuɗi, waɗanda bai kamata su zama cikin biro ba, don ba a ba kura ajiyar nama sannan a ce ita za ta ƙirga.

Kujerar ma'aji ce ta fi zafi. Ka'idar da ta fi tsare mutuncin kowa ita ce kada dala ɗaya ta fita sai da sa hannun mutum biyu. Matanmu sun riga maza gane wannan. Asusun Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta soma a jahar Maraɗi a 1991, akwati ne mai kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku, kuma ba a buɗe shi sai gaban kowa. Ƙungiyar naƙasassu ta fi buƙatar irin wannan, don cikin membobinta akwai wanda ba ya ganin littafi, akwai wanda ba ya jin abin da ake karantawa. Lissafin da aka rubuta da Faransanci aka ninke aka sa aljihu bai kai ga makaho ba. A karanta shi da Hausa, da ƙarfi, jika nawa ta shigo, jika nawa ta fita, a kuma samu mai yi wa kurame bayani da hannu.

Jerin sunaye

Ga inda ake gane ɗan biro na kirki. Wata ƙungiyar agaji za ta ce tana da kekunan guragu kaɗan, ko buhunan hatsi lokacin bazara da rumbuna suka yi ƙasa, a kawo sunaye. Mabuƙata sun ninka kayan. Ɗan'uwanka na ciki, maƙwabcinka na ciki, ga kuma wata yarinya a rugar da ke nesa da kwalta wadda ba ta da kowa cikin biro. In ba a riga an zauna an tsayar da ka'ida ba, wa ya fi buƙata, wa ya samu bara, wa bai taɓa samu ba, to kunya da zumunci ne za su rubuta jerin. Wanda ɗan gidansa ke cikin masu nema, ya fita waje har a gama zancen. Mutanenmu na ganin wannan kamar rashin yarda ne, alhali kariya ce gare shi, don gobe ba mai nuna shi da yatsa a kasuwa.

Su wa ya kamata su zauna? Naƙasassun da kansu tukuna, maza da mata. Malamin lakwal, ma'aikacin likita, ko mahaifiyar yaro mai taɓin ƙwaƙwalwa suna da amfani ƙwarai, musamman wajen rubutu. Amma biro da masu lafiya suka cika, suna yanke hukunci naƙasassu na zaune bakin ƙofa, ya kauce wa dalilin kafa shi. Wurin taro ma a duba: in sai an hau matakala, an riga an kori wasu.

Aikin na sa kai ne, ba albashi. Kuɗin mota zuwa Zinder ana iya biya in dokokin ƙungiya sun tanada, da rasit.

Ga ƴan'uwa mazauna waje

Ku da ke Kano, Legas, Aljeriya ko Libiya, da yawanku kuna aiko da taimako. In don ƙungiya ne, a sanar da mutum biyu ko uku na biro lokaci guda, a faɗi adadin, a nemi a shigar da shi littafi. Saƙon murya ɗaya a WhatsApp ya isa. Ana iya ba mazaunin waje kujerar mai ba da shawara, amma ma'aji ko magatakarda sai wanda ke gida, wanda za a iya ƙwanƙwasa wa ƙofa.

In wa'adi ya cika a kira babban taro, a karanta lissafi, a yi zaɓe, a sanar da hukuma sabbin sunaye. Tsohon biro ya miƙa rajista, hatimi da littafin kuɗi gaban shaidu. Wasu kan haɗa taron da ranar naƙasassu ta ƙasa, 31 ga Yuli, sai dai lokacin jama'a na gona. Ranar duniya, 3 ga Disamba, ta fi sauƙin tara mutane, don an gama girbi kuma hanya ta bushe.