Garin da Ya Shuka Abinci a Bakin Hanya

Todmorden ƙaramin gari ne a arewacin Ingila. A dā masaƙun auduga ne suke riƙe da shi, amma sa'ad da aka rufe su, aiki ya yi wuya. A shekarar 2008 waɗansu mata biyu, Pam Warhurst da Mary Clear, suka tara maƙwabta, suka shiga shuka kayan lambu a gaban ofishin 'yan sanda, da tashar jirgin ƙasa, har da makabarta. Ba shinge, ba mai gadi, kowa ya ga dama ya tsinka. Da fari mutane suka ji nauyin ɗiba, gama a ganinsu sata ce. Da suka saba kuwa, garuruwa da dama suka bi sahunsu.