Rawar Baƙin Landan ta 1946

A ƙarshen watan Afrilu na 1946, shekara guda bayan kammala Yaƙin Duniya na Biyu a Turai, wata ƙungiyar rawa mai suna Les Ballets Nègres ta fara wasa a wani ƙaramin zaure da ke yammacin Landan. Ita ake ɗauka a matsayin ƙungiyar rawar baƙar fata ta farko a nahiyar Turai. Wannan ya faru shekara biyu kafin jirgin ruwan Empire Windrush ya iso da ’yan Karibiyan a 1948, wato zuwan da aka saba kafa tarihin baƙi a Birtaniya da shi.

’Yan Jamaika biyu ne suka kafa ta, Berto Pasuka da Richie Riley. Pasuka ya zo Landan a 1939 ya koyi rawar bale ta Turawa, amma ƙofa a rufe take ga baƙin mutum a manyan ƙungiyoyin birnin. Sai ya tattaro irinsa: ’yan Jamaika da Tirinidad, ’yan Najeriya da ƙasar da ake kira Ghana a yau. Daga cikin makaɗan da suka yi musu rakiya akwai Ambrose Campbell, haifaffen Legas, da ƙungiyarsa ta West African Rhythm Brothers.

Abin lura shi ne wasanninsu ba su ba da labarin titunan Landan ba. Market Day hoton kasuwa ce a Jamaika. They Came ya nuna zuwan Turawa Afirka. Aggrey kuwa an gina shi ne a kan James Aggrey, mashahurin malamin nan na kwalejin Achimota. Baƙo a birnin da ya ɗauke shi ba shi da tarihi, abu na farko da yake so ya nuna shi ne inda ya fito. Har ila yau, mutanen da mulkin mallaka ya warwatsa a gaɓa biyu na Tekun Atalantika sai a babban birnin mai mulkin nasu suka haɗu a dandali ɗaya, kuma wannan haɗuwa ita kanta labarin Landan ce.

’Yan kallo sun karɓe su. BBC ta nuna su a talabijin tun a 1946, suka kuma zagaya biranen Birtaniya da na Turai. Sai dai tafi ba ya biyan kuɗin zaure. Hukumar da ke raba tallafin gwamnati ga fasaha ba ta ba su ko kwabo ba, kuma ba a sa su a bikin Festival of Britain na 1951 ba, bikin da aka shirya domin nuna al’adun ƙasar. Wato an yarda su nishaɗantar da birnin, ba a yarda nasa ba ne.

Rashin kuɗi ya rusa ƙungiyar a farkon shekarun 1950. Pasuka ya koma Faris ya kama zanen hoto, ya rasu a 1963.