Ƙirƙirarriyar basira a harkar kasuwanci: ta ina ɗan kasuwa zai fara?

Ƙirƙirarriyar basira, wadda ake kira IA a Faransanci, manhaja ce da aka horar da ita da tarin rubuce-rubuce har ta iya amsa tambaya, rubuta wasiƙa ko fassara. Ta shiga hannun jama'a sosai bayan kamfanin OpenAI na Amurka ya fitar da ChatGPT a watan Nuwamban 2022. A yau akwai Gemini na Google, da Le Chat na kamfanin Mistral na Faransa.

A fara da aiki guda

Hanya mafi sauƙi ita ce ɗan kasuwa ya zaɓi aiki guda da ke cin masa lokaci kullum, kuma wanda kuskure a cikinsa ba zai jawo asara babba ba. Misali: rubuta tallar kaya, tsara amsoshin da ake yawan bai wa masu saye a WhatsApp Business, ko fassara saƙon mai kawo kaya. Wanda ke sayo kaya a Kano ya kai Maraɗi, Garwa ko Kumasi yana fama da Hausa, Faransanci da Ingilishi a ciniki ɗaya. A gwada na wata guda, a ga ko an rage lokaci, sannan a ƙara wani aikin.

A duba kafin a aika

Manhajar tana hasashen kalmar da ta dace ta biyo baya ne, don haka takan ƙirƙiro lissafi ko doka da babu su, ta faɗa kamar gaskiya. Kada a dogara da ita kan kuɗin duwan, farashin canji ko sharuɗɗan yarjejeniya. A kuma bayyana mata irin kuɗin da ake nufi, domin sefar Nijar da sefar Kamaru da Cadi kuɗi biyu ne daban. Google Translate ya ƙara Hausa tun 2013, amma har yanzu waɗannan manhajoji sun fi ƙwarewa a Faransanci da Ingilishi, saboda haka a sa mai jin harshen ya karanta fassarar.

Sirrin abokan ciniki

Abin da aka rubuta wa manhajar yana tafiya rumbun kamfanin a ƙasar waje. Kada a saka lambobin waya, hoton katin shaida ko littafin bashi. A Nijar hukumar HAPDP ce ke kula da kare bayanan mutane, Ghana tana da dokarta tun 2012, Najeriya kuma tun 2023.

Kuɗi da ma'aikata

Yawancin manhajojin suna da sashen kyauta, wanda ya isa gwaji. A lissafa kuɗin intanet da cajin waya kafin biyan na wata-wata. A kuma naɗa mutum guda a shago wanda zai riƙa duba duk abin da manhajar ta rubuta, domin idan aka yi kuskure, mai shagon ne zai biya.