Ashanar Fata

Abin tazarar haihuwa da ake sa wa mace a damtse, a Ƙofar 'Yandaka da sauran unguwannin Katsina "ashanar fata" ake ce masa. Ita ashana daga Yarbanci muka aro ta, ìṣáná, abin ƙyasta wuta. Sunan ya dace, domin girman abin yake nunawa: silin nau'in da ake kira Implanon santimita 4 ne, na shekara 3, Jadelle kuwa sili biyu, na shekara 5. Wani zai ce sunan na tsorata mace, ta ɗauka itace ne. Ai roba ce mai laushi, kuma wadda ta san tsinken ashana ba za ta zaci babbar tiyata ba. Allurar kashe zafi ake yi, a zura silin ƙarƙashin fata. Ranar cirewa a ɗan tsaga, a zaro.