Zafin Furosesa da Sanyaya Kwamfuta a Kano

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana mayar da kusan duk wutar lantarkin da ta sha zuwa zafi. Idan zafin ya kusa digiri 100 a ma'aunin Salsiyas, sai ta rage gudu da kanta don kada ta lalace; in abin ya ci tura, kwamfutar ta mutu ɗif.

Ana kwashe zafin ne ta siririn bututun jan ƙarfe mai ɗan ruwa a ciki. Ruwan yakan zama tururi a kan furosesa, ya tafi wajen fanka ya huce, ya dawo. Tsakanin furosesa da ƙarfen akwai wani mai mai kauri da ake shafawa, wanda kan bushe bayan 'yan shekaru.

A Kano matsalar biyu ce. A watan Afrilu zafin gari kan haura digiri 40, iskar da fanka ke ja ma da ɗuminta. Da hunturu kuma ƙura ke toshe kafofin iska. Shi ya sa buɗe kwamfuta, kakkaɓe ƙura da sake shafa mai ya zama aikin yau da kullum ga masu gyara a kasuwar Farm Centre da ke Tarauni da shagunan Gyadi-Gyadi. Abin takaici, ɗora laftof a kan katifa, wanda ɗalibai suka saba, yana rufe kafofin gaba ɗaya.

Masu ƙera kwamfuta sun koma rage shan wuta tun daga tushe. A 2020 kamfanin Apple ya fitar da MacBook Air mai furosesar M1, babu fanka a cikinta sam.